Wasiƙar da Ta Ci Kujerar Gwamnan Babban Banki

Ranar Alhamis, 20 ga Fabrairun 2014, Sanusi Lamido Sanusi yana Yamai wurin wani taron ECOWAS, sai fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwar dakatar da shi daga kujerar gwamnan Babban Bankin Najeriya. Reuben Abati, kakakin Shugaba Goodluck Jonathan, shi ya sa mata hannu. Laifin da aka ambata shi ne almubazzaranci da kuɗin banki da saɓa ƙa'idar aiki, amma dakatarwar ta zo ne bayan ya yi zargin cewa biliyoyin dala na kuɗin mai ba su shiga asusun tarayya ba. A ranar aka ba mataimakiyarsa Sarah Alade riƙon ƙwarya, a ranar kuma aka aika wa Majalisar Dattawa sunan Godwin Emefiele na bankin Zenith a matsayin wanda zai gaje shi. Naira ta faɗi nan take. Da Sanusi ya sauka Legas, jami'an SSS suka karɓe fasfonsa.

Ni labarin ya same ni ne a shagon kawuna cikin kasuwa, ina taya shi ninke yadi. Ya rage muryar rediyo, ya dube ni ya ce, "Wa ya aike shi? Wata huɗu suka rage ya gama wa'adinsa. Ya yi shiru mana, a yi masa liyafa, a ba shi kyauta, ya koma gida da mutuncinsa."

Na ce, "Kawu, ai gaskiya ya faɗa."

Ya ce, "Ɗan nan, gaskiyar ta dawo da kuɗin ne?"

Shekaru sun wuce goma, kuma tambayar Kawu ba ta tsufa ba. Ita ce ta sa na koma na bi wannan lamari daki-daki, domin yawancinmu abin da muka riƙe daga cikinsa adadi ɗaya ne da rawani ɗaya, alhali abin da ke tsakaninsu shi ne mai amfani.

Sai an fara sanin wane ne ya yi maganar. Sanusi ba ƙaramin ma'aikaci ba ne da ya tsinci takarda a durowa. Jikan Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ne, wanda gwamnatin Sardauna ta tilasta wa murabus a 1963 ya koma Azare. Mahaifinsa, Ciroman Kano Aminu Sanusi, jakada ne kuma babban sakatare a ma'aikatar harkokin waje. Shi kansa yana shugaban First Bank Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauko shi a watan Yunin 2009. Bai cika wata uku a ofis ba ya kori shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, ciki har da na Intercontinental da Oceanic, kuma kafin ƙarshen shekarar ya zuba naira biliyan 620 don ceto bankunan da suka durƙushe. A ƙarshen 2010 ya ce Majalisar Tarayya ita kaɗai ke cinye kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gudanar da ofisoshin gwamnatin tarayya. Suka kira shi ya janye, ya ƙi. A Janairun 2012, lokacin da fetur ya tashi daga naira 65 zuwa 141 mutane suka cika tituna, yana cikin masu kare cire tallafi, kuma a Kano ba ƙaramin zagi ya sha ba. Ina kawo wannan ne don waɗanda suka manta cewa da yawa daga masu yi masa tafi a 2014 su ne masu tsine masa shekara biyu kafin nan. Sannan tun da wuri ya riga ya ce ba zai nemi wa'adi na biyu ba. Mutumin da ba ya neman komai a hannunka, wuyar lanƙwasawa gare shi.

Abin da ya gani daga kujerarsa ba wani sirri ba ne. A 2012 da 2013 gangar ɗanyen mai tana kaiwa sama da dala 100. A irin wannan yanayi ya kamata a ce baitulmali yana ƙiba. Amma asusun rarar kuɗin mai, wanda ya kusa dala biliyan 9 a farkon 2013, ya zube ƙasa da biliyan 3 cikin shekara guda. Kasuwa tana ci, aljihu yana ramewa. Gwamnan Babban Banki shi ne ke kare darajar naira da dalar da ke shigowa, don haka in dala ba ta shigo ba shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Ranar 25 ga Satumban 2013 ya rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙa. Ya ce daga Janairun 2012 zuwa Yulin 2013, wata 19, kamfanin mai na ƙasa NNPC ya fitar da ɗanyen mai na kimanin dala biliyan 65.3, amma abin da ya shigo asusun tarayya biliyan 15.5 ne kacal. Saura biliyan 49.8, wato kashi 76 cikin ɗari, ba a gan su ba. Ya nemi a bincika.

A lura da yadda ya fara. Bai kira 'yan jarida ba, bai hau mumbari ba. Ya bi hanyar da malamai suke koyarwa game da nasiha ga shugaba: a keɓe, a rubuce, ga wanda ke da ikon gyara. Masu cewa da ya bi ta bayan gida da an saurare shi, to ta bayan gidan ya fara bi. Wasiƙar ta yi sama da wata biyu jama'a ba su san da ita ba, ba a kuma ga wani motsi ba.

A watan Disamba ta fito fili, kuma ta fito a mafi munin lokaci ga wanda ke son a dubi maganarsa a matsayin lissafi kawai. Makonni kaɗan kafin nan gwamnonin PDP biyar, ciki har da Rabiu Musa Kwankwaso na Kano da Rotimi Amaechi na Ribas, suka koma sabuwar jam'iyyar APC. Tsohon Shugaba Obasanjo ya rubuta wa Jonathan tasa doguwar wasiƙar mai zafi, ya kuma taɓo batun kuɗin man. Daga ranar nan maganar ta bar hannun masu lissafi ta koma hannun 'yan siyasa. Fadar shugaban ƙasa ta zargi Sanusi da kwarmata wasiƙar, shi kuwa ya musanta. Ko ma wa ya fitar da ita, sakamakon ɗaya ne: duk wanda ya ce a bincika an ɗauke shi ɗan adawa, duk wanda ya ce a bi a hankali an ɗauke shi ɓarawo ko yaron ɓarawo.

Yanzu ga wurin da masoyansa ba sa son a tsaya. Adadin nan na biliyan 49.8 ba daidai ba ne.

Ɗanyen man da NNPC ke lodawa a wancan lokaci ba duka na aljihu ɗaya ba ne. Akwai wanda yake sayarwa a madadin hukumar haraji ta FIRS, domin wasu kamfanonin mai da ganga suke biyan harajinsu. Akwai na DPR, hukumar da ke sa ido kan harkar mai a lokacin, na kuɗin haƙƙin mallakar ƙasa. Waɗannan kuɗaɗe sun shigo, amma ta wasu asusun, kuma abin kunyar shi ne asusun suna cikin Babban Bankin ne. Da aka zauna tebur ɗaya a watan Disamba, da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala da ministar mai Diezani Alison-Madueke da NNPC da Babban Banki, aka gano inda kusan biliyan 39 suka shiga. Ministar kuɗi ta ce abin da ya rage ba a daidaita ba biliyan 10.8 ne. Sanusi ya ce 12. Ranar 4 ga Fabrairun 2014 ya bayyana gaban kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa, wanda Sanata Ahmed Makarfi ke jagoranta, ya ce cikin biliyan 67 an ga 47, saura 20.

Daga 49.8 zuwa 12 zuwa 20. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ce babba. Tun daga lokacin duk mai son kashe maganar ba ya buƙatar amsa komai, sai kawai ya jera adadin uku ya yi dariya. Jonathan da kansa ya ce da irin wannan kuɗi ya ɓace, ai Amurka za ta sani. Har yau in aka tayar da zancen, da wannan dariyar ake fara tarbarsa.

A ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a cikin lamarin gaba ɗaya, ya fi duk wani zafin baki da ake zarginsa da shi. Ana iya kare shi da cewa wasiƙar sirri ce, tambaya ce ba hukunci ba, kuma da an amsa masa a watan Oktoba da an gyara adadin a ɗaki ba wanda ya ji. Haka ne. Amma wanda zai tunkari mai mulki ya kamata ya ɗauka cewa takardarsa za ta fita, kuma maƙiyinsa ne zai fara karanta ta. Biliyan 12 da ba ta motsi ta fi biliyan 50 mai rawa nauyi. A wancan lokaci biliyan 12 na dala sun kai kusan naira tiriliyan 2, a ƙasar da kasafin kuɗin gwamnatin tarayya na shekara bai kai tiriliyan 5 ba. Ba ta buƙatar ƙari.

Sai dai abin da ya gabatar a Fabrairu ya fi na Satumba ƙarfi nesa ba kusa ba, domin a nan ya daina cewa kuɗi sun ɓace kawai, ya shiga nuna ta inda suke tsiyaya. Ya kasa biliyan 20 ɗin: kusan 12 daga ganga 445,000 da ake ware wa NNPC kullum da sunan matatun cikin gida, 6 daga man da reshensa na haƙo mai, NPDC, ya loda, 2 kuma daga yarjejeniyoyin bashi da wasu kamfanoni. Ya yi magana kan musayar ɗanyen mai da tataccen mai, inda ba wanda ke iya tabbatar da cewa abin da aka dawo da shi ya kai darajar abin da aka bayar. Ya yi magana kan rijiyoyin da aka damƙa wa NPDC, shi kuma ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni masu zaman kansu irin su Atlantic Energy, kuɗin da ya kamata ya shiga asusun tarayya ya bi wata hanya.

Sannan ya zo kan kananzir. A nan ne maganar ta sauko daga Abuja ta shigo tsakar gida.

A takarda, a wancan lokaci litar kananzir naira 50 ce, kuma NNPC na cire bambancin daga kuɗin mai kafin ya kai asusun tarayya. A cikin watannin nan 19 abin da aka ce ya tafi tallafin kananzir ya haura dala biliyan 3. To, ni dai a shekarun nan ni ake aika sayen kananzir a gidanmu. Akwai wata dattijuwa a bakin layi da ke sayarwa a kwalaben lemo, ta jera su kan tire, da mazurarin roba da tsumma. Kwalba ɗaya ba ta kai rabin lita ba, amma kuɗinta ya wuce naira 50. In ka haɗa lita, kana tsakanin 120 da 150. Ita ma ba ita ke cin ribar ba. Daga jarkar wani ta saro, shi kuma daga wani. Ranar da aka ce an kawo na naira 50 a gidan mai, layin jarkoki yakan kai inda ido ba ya gani, mata da yara tun asuba, kafin azahar a ce ya ƙare. Mahaifiyata takan kashe risho da tuwo ya nuna rabi, ta rufe tukunyar da buhu ya ƙarasa da tururinsa. Wannan ita ce matar da aka ce an kashe biliyan 3 domin ta.

Sanusi ya kawo takardar da ke nuna cewa tun 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya ba da umarnin a daina tallafin kananzir. Amsar ma'aikatar mai ita ce ba a taɓa buga umarnin a jaridar gwamnati ba kamar yadda doka ta tanada, don haka bai fara aiki ba. Ba kuma a sa kuɗin a kasafin da majalisa ta amince da shi ba. Wato ana cire kuɗin da ba a ware ba, don tallafin da aka ce a daina, kan farashin da talaka ba ya samu. Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar kananzir ya fahimci wannan ba sai an yi masa bayani ba, kuma ina jin da da wannan aka fara a watan Satumba, da dariyar adadi ba ta samu wuri ba.

Ƙarƙashin duk wannan akwai gardamar doka. Sashe na 162 na tsarin mulki ya ce duk kuɗin shigar tarayya a zuba su asusu ɗaya, daga nan a raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. NNPC kuwa ya dogara da dokar da ta kafa shi, wadda ya ce ta ba shi damar cire kuɗin aikinsa tukuna. Mai kasa kaya shi ke ɗiban nasa kafin ya kawo faranti, shi ne kuma ke faɗin nawa ya ɗiba.

Tun a watan Janairu jaridu suka ruwaito cewa Jonathan ya kira Sanusi a waya ya ce ya ajiye aiki, shi kuma ya ƙi, ya ce dokar Babban Banki ta 2007 ta ce ba a cire gwamna sai da amincewar kashi biyu cikin uku na sanatoci. Dokar ta yi maganar cirewa, ba ta yi maganar dakatarwa ba. Ta wannan ƙofa aka shiga, kwana 16 bayan bayaninsa a gaban kwamitin Makarfi.

Adalci ya sa a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Tuhumar da aka yi masa ba a daren aka ƙirƙire ta ba. Tun tsakiyar 2013, kafin wasiƙarsa, hukumar da ke sa ido kan rahotannin kuɗi ta yi ƙorafi kan lissafin Babban Banki na 2012. Akwai maganar biliyoyin da bankin ke rabawa jami'o'i da sunan gudunmawa, da naira miliyan 100 da ya bayar bayan harin Kano na 20 ga Janairun 2012. Tambaya ce mai kyau: da izinin wa gwamnan banki yake kyauta da kuɗin jama'a? Wanda ke cewa NNPC na kashe kuɗi ba tare da majalisa ba, shi ma ana iya juyo masa da madubin. Mutanen Jonathan sun ce ya rubuta wasiƙar ne don ya yi garkuwa da ita. Ba na kore wannan gaba ɗaya, ɗan Adam ne. Amma gwamnati ta riƙe rahoton nan wata takwas ba ta ga gaggawa ba, sai da ya buɗe baki a majalisa. Kuma ministar da ake tambaya kan biliyoyin dala tana kujerarta har ranar da gwamnatin ta sauka. In da tsabtace gida ake yi, da tsintsiyar ba ta tsaya a ɗaki ɗaya ba.

Ya je kotu. A Legas ya yi nasara kan batun fasfo, aka ce a biya shi diyyar naira miliyan 50. A Abuja kuwa, kan tambayar da ta fi muhimmanci, wato ko shugaban ƙasa na da ikon dakatar da gwamnan Babban Banki, kotu ta ce wannan rigimar ma'aikaci da mai gida ce, ta tura ta kotun ma'aikata. Ba a kai ga amsa ba ya zama sarki, shari'ar ta mutu. Ƙofar ta zauna a buɗe. Ranar 9 ga Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya bi ta cikinta ya dakatar da Emefiele, mutumin da ya gaji kujerar.

To me binciken ya gano? Kwamitin Makarfi ya ce babu biliyan 49.8 da suka ɓace, amma ya ce NNPC ya mayar da wasu kuɗaɗe, ya kuma soki kashe kuɗin tallafi ba tare da an ware su ba. Gwamnati ta ɗauko kamfanin binciken kuɗi na PwC ya yi binciken ƙwaƙwaf. A Fabrairun 2015, ana dab da zaɓe, aka karanto wa jama'a taƙaitaccen sakamako: NNPC da NPDC su mayar da aƙalla dala biliyan 1.48. Aka yi ta shela cewa ga shi nan, ba 20 ba ce. Cikakken rahoton bai fito ba sai ƙarshen Afrilu, bayan Jonathan ya sha kaye. Wanda ya karanta shi ya ga wani abu dabam. Kuɗin man watannin ya kai biliyan 69 da 'yan kai, abin da aka shigar bai kai 51 ba. Tazarar ta haura biliyan 18, ba nisa da abin da Sanusi ya faɗa a majalisa. Bambancin kawai, NNPC ya ce ya kashe su ne kan tallafi da ayyukansa. Masu binciken kuma suka rubuta cewa ba su samu duk takardun da suka nema ba, musamman daga NPDC.

Ke nan kowa ya samu abin riƙewa. Ba a nuna cewa wani ya loda biliyan 20 a mota ya gudu ba. Ba a kuma nuna cewa an kashe su bisa ƙa'ida ba. Abin da ya tabbata shi ne akwai hukuma da ke ɗiban kuɗin ƙasa son ranta kafin kowa ya gani, wanda shi ne asalin ƙorafin.

Wani ɓangaren amsar daga waje ya zo. A Oktoban 2015 aka kama Diezani a Landan, a 2023 aka gurfanar da ita kan zargin cin hanci, wanda ta musanta. A 2017 ma'aikatar shari'ar Amurka ta shigar da ƙarar ƙwace kadarori na kusan dala miliyan 144 da ta danganta da 'yan kasuwar da ke bayan Atlantic Energy, ciki har da wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Galactica Star. A farkon 2025 aka amince a dawo wa Najeriya da kimanin miliyan 52. Ashe dai Amurkan ta sani. Amma a auna miliyan 52 da biliyan 20, a ga yadda Kawu yake da gaskiya ta fuskar kuɗi.

A cikin gida an soke wasu kwangilolin musayar mai a 2015, an cire tallafin kananzir a 2016, NNPC ya fara buga rahoton wata-wata, a 2020 kuma ya fitar da tantancaccen lissafinsa karo na farko tun kafa shi a 1977. Ba wasiƙa ɗaya ce ta kawo duk wannan ba, amma ita ta sa tambayar a bakin kowa. Sai dai waɗanda suka hau maganar biliyan 20 suka ci zaɓe, da suka zauna, cire kuɗin tallafi daga tushe bai tsaya ba, suna kawai aka sauya masa. A 2022 an yi wata da watanni NNPC bai kawo ko sisi teburin rabon arzikin ƙasa ba. Sanusi ya sake magana, wannan karon kan mutanen da suka yi masa tafi, kuma tafin ya ragu sosai.

Akwai wani karatu da ake yi wa lamarin nan da ba na yarda da shi. Sarkin Kano Ado Bayero ya rasu ranar Juma'a 6 ga Yunin 2014, ranar Lahadi Kwankwaso ya sanar da Sanusi a matsayin sarki. Mutane suka ce ka gani, mai gaskiya yana tare da Allah, an kore shi daga banki ya samu gadon kakansa. Allah ne ke ba da mulki, ba musu. Amma a sababi na zahiri, gwamnan da ke da wuƙa da nama ya riga ya raba gari da Jonathan. Da Kano tana hannun gwamnan da ke biyayya ga Abuja, wa ya san yadda za ta kaya? Kuma bakin nan da ake cewa ya kai shi gadon sarauta, yana cikin abin da ya haɗa shi da Gwamna Ganduje, har aka raba masarautar biyar a 2019, aka tuɓe shi ranar 9 ga Maris 2020, aka kai shi Loko sannan Awe a Jihar Nasarawa. A 2024 wata gwamnatin ta dawo da shi. Wanda ya ɗauki rawani a matsayin ladan gaskiya, sai ya gaya mana tuɓewar ladan mene ne.

Abin da na fi gani shi ne Sanusi ya yi faɗan ne da sulke. Yana da gida, da suna, da dukiya, da manyan lauyoyi, da abokai a Landan da Washinton waɗanda za su buga labarinsa kafin ya sauka daga jirgi. Mafi munin abin da aka iya yi masa shi ne rage masa wata huɗu da riƙe fasfo. Wannan bai rage darajar abin da ya yi ba. Hasali ma ya ƙara nauyi ne kan sauran masu irin sulkensa, ministoci da manyan sakatarori da daraktoci da suka ga takardun nan kamar yadda ya gani, suka ja bakinsu. A kan irinsu, amsata ga Kawu ita ce e, ya cancanta, ko da kuɗin ba su dawo ba. Tazarar biliyan 18 tana rubuce yau a rahoton da gwamnati da kanta ta biya aka yi, kuma ba don wani ya yarda ya rasa kujerarsa ba da ba a rubuta ta ba. A 2024 an ga shi da Jonathan a wani taro a Abuja, kowa bai sauka daga matsayinsa ba, amma ana raha. Manya ke nan, faɗansu ba ya hana su gaisawa.

Inda bakina yake nauyi shi ne in aka ɗauki labarinsa aka miƙa wa wanda ba shi da sulke. A ƙarshen 2016 ma'aikatar kuɗi ta fito da tsarin ba mai tona asirin sata ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Tsarin ya yi maganar lada sosai, amma ba doka ba ce da za ta tsare mutum in mai gidansa ya juyo kansa.

Ina da wani ɗan ajinmu, akawu a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma. Yana haɗa takardar albashi ya lura da sunaye da ba ya ganin masu su, wasu ma lambar asusunsu ɗaya. Ya ƙirga su sau uku, ya rubuta wa shugabansa takarda cikin ladabi, ya kai da hannunsa, ya sa sakatare ya buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Shugaban ya kira shi ofis, ya ba shi lemo, ya ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka, irinku muke nema." Bayan sati uku takardar canjin wurin aiki ta fito: mai kula da sito a wani ƙaramin asibitin ƙauye, inda mota ba ta shiga da damina. Ƙarin girmansa ya tsaya cak. Ginin da ya fara ya tsaya a linta, ciyawa ta fito a ɗakunan. Surukinsa ya aiko masa da cewa mai iyali ba ya wasa da abincinsa. Babu jaridar da ta buga, babu lauya.

Bayan wasu shekaru aka yi tantance ma'aikata a jihar, aka cire sunayen, aka yi ta yabon kwamiti a rediyo. Ba wanda ya ambace shi. Kwafin takardar yana nan a wurinsa cikin leda, haɗe da takardar filinsa, hatimin ya fara dusashewa. Da na je masa barka da salla ya ɗauko ya nuna mini. Na ce, "Abokina, da za a mayar da hannun agogo baya, za ka sake rubutawa?"

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Zan sake. Amma sai na fara yin rufin gidan."